Abin da Na Ɓoye wa Inna

Zuwa ga Yaya Balki,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ki karanta wannan ba, shekara tara ke nan da aka kai ki makwancinki. Amma yau ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Garin ba lafiya, Yaya. Sati na uku ke nan kantunan magani a rufe, harbi kuwa har da rana tsaka. Mu masu ciwon zuciya da muke haɗuwa a gidanmu na unguwar Belleville duk Asabar, yanzu sai dai ta waya. Ba ki san da wannan zaman ba. Bayan rasuwarki aka yi mini aiki, aka sa mini ƙarfe a zuciya. Da na warware sai na koma raka mutane asibiti, ina fassara musu Faransancin likita, ina matsa masa da tambaya har sai ya yi bayani. Ni ɗin da kika sani, wadda ko gaban Baba ba ta iya ɗaga ido.

Jiya aka bugo cewa maganin Malam Idi, telan nan na unguwar Adjamé Saint-Michel da ke ƙetaren gada, ya ƙare. Irin nawa yake sha, mai tsinka jini, in ya daina jinin zai daskare a ƙarfen da aka sa masa. Na bi gida-gida na tattara abin da ya samu, na ƙara da rabin nawa, na ƙetare gada. A Adjamé samari masu bindigogi suka tare mu a shinge. Ɗayansu ya zazzage jakata a ƙasa, ya ce mayaƙa nake kai wa magani. Kin san abin da na yi? Na janye mayafina, na nuna masa tabon ƙirjina. Ya kawar da kai, ya turo mini ƙwayoyin da ƙafa. Na durƙusa na tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Malam Idi ya sha. Nawa zai kai ni Alhamis. Bayan nan fa?

Akwai abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da na ga ƙafafunki sun kumbura, kina haki a bakin shagonki, kin roƙe ni kada in gaya wa Inna da mijinki, don kada su zaunar da ke a gida. Wata bakwai ina riƙe miki wannan amana, har ranar da kika rasu. Wace irin amana ce wannan, Yaya? Na san kwana ne ya ƙare, amma ban yafe wa bakina ba. Har yau Inna cewa take yi ciwon farat ɗaya ya zo miki, ni kuwa ina zaune ina jin ta.

Gobe zan sake ƙetarawa, akwai wata mai ciki da numfashinta ya ƙi, sai na kawo ta asibiti. Ban san ko za a bar mu mu dawo ba. Saboda haka in Inna ta idar da sallar la'asar zan zauna in gaya mata komai. Ki yafe mini, ba zan ƙara riƙe miki ba.

Allah ya haskaka kabarinki.

Ƙanwarki,
Hadiza