Na Kira Sunansa a Tashar Sabon Gari

Fagge, Kano.

Zuwa ga yayata Hajiya Gumsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da duk mutanen gidanku na Injamena. Yaya ƙafar? Autata Sharifa ta ce kin gaya mata kumburin ya fara sauka. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan muna nan da godiyar Allah. Ruwa ya yi yawa bana, har katangar bayan gida ta tsage, an dai tokare ta kafin kaka. Matar ɗana Bahauddeen ta sauka lafiya, an samu mace. Karatun matan unguwa da nake yi da hantsi yana nan, biyu daga cikinsu sun kusa sauke Alƙur'ani.

Yaya, maganar ɗanki ce ta sa na zauna rubutu, don ba abin da zan iya faɗa a waya ba ne yara suna kai da kawo. Kin san yadda nake da shi. Ɗan fari ne, ke kika yaye shi, a ɗakinki ya tashi har kika bi Alhaji can. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi na tambaye shi me ke damunsa ba. In magana ta taso, ke nake gaya wa ko marigayi Malam, ku isar masa. Haka muka ga Inna ta yi da ke, ban kuma taɓa jin nauyin abin ba sai da Malam ya rasu, ke kuma kika yi nisa, ya zama babu mai isarwa.

Kin tuna wasan nan da ya ɗauko tun yana sakandare, wanda 'yan rediyo ke kira zari-ruga. Na daɗe ina zaton ƙwallon ƙafa ne aka sake wa suna, sai da Sharifa ta nuna mini a waya. Ƙwallon kamar gwanda yake, a hannu ake rungume shi a ruga, ƙarti kuma su bi mutum su kayar. Wani lokaci sai su sunkuya su haɗa kawuna su yi ta turereniya kamar raguna. To bana aka kira shi cikin masu buga wa ƙasa. Gasar ba ta manya ba ce, ƙaramin rukuni ne na ƙasashen maƙwabta, wanda ya zo na ɗaya a ɗaga shi sama, saura kuwa su jira wata shekara in an tuna da su. Na ga filin a wayar, 'yan kallo ba su kai na wasan yaran unguwa ba. Amma shi a wurinsa duniya ce guda. Shekara da shekaru yana fita gudu bayan asuba kafin ya buɗe rumfarsa a Kantin Kwari, ana yi masa dariya wai ɗan dambe ne da ya rasa kiɗa, bai taɓa fasawa ba.

Sun je zagayen farko can wata ƙasa ta bakin teku, suka dawo da nasara, abokansa suka cika mana zaure. Ni dai daga ɗaki na lura tafiyarsa ta sake. Bayan 'yan kwanaki sai ya fara rufe taga da rana tsaka, wai haske na soka masa ido. Yaran rumfa suka gaya wa Sharifa ya auna wa mutum yadi ya yanka, ya kuma sake ɗauko wani zai auna masa kamar ba a yi ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar da ya ja mu sallar magariba a tsakar gida, ya ɗauko Tabaraka, surar da ke da kanki kika biya masa yana ɗan ƙarami, ya kai tsakiya ya tsaya cak, ya koma farko, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Na zaci ko baki ne ya kama shi saboda yawan yabon da ya sha. Na yi masa tofi a ruwa na ba Sharifa ta kai, ya sha ya ce a yi mini godiya.

Ana haka abokinsa Nwabueze ya zo, yaron Sabon Gari da suke wasa tare, wanda mahaifiyarsa ke sayar da busasshen kifi, kin san shi, mai cinye mana tuwo in ya zo. Wannan karon bai nemi tuwo ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce Mama, ya yi wa abokinsa alkawarin rufe baki, amma ya gwammace a kira shi maci amana da ya rako gawa Fagge. Ya ce a wasan can gwiwar wani ta sami ɗanki a kai, ya faɗi bai motsa ba na ɗan lokaci, da ya tashi kuma sai ya nufi gidan nasu da ƙwallo maimakon na abokan hamayya, har 'yan kallo na dariya. Likitan da ke tare da su ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, kada ya sake shiga fili sai an duba shi a gida, don bugu na biyu a kan na farko yana iya kashe mutum ko ya bar shi a kwance. Ɗanki bai je asibiti ba. Ya aika wa masu horar da su cewa an duba shi ya warke, suka sa sunansa a zagaye na biyu. Nwabueze ya ce ya yi masa faɗa, shi kuwa ya ce masa ashe duk girman ƙirjin nan nasa zuciyar kaza ce a ciki, kuma shi shekarunsa sun tafi, in wannan ta wuce shi ba mai sake kiransa. Sannan yaron ya ce mini abin da ban manta ba, wai Mama, ke kaɗai ce ba ki taɓa hana shi komai ba, in kin hana zai ji.

Na nemi layinki ranar har na gaji, bai shiga ba. Na aiki Sharifa ta gaya masa hankalina bai kwanta da tafiyar ba, ya ja mata kunne ya ce tun yaushe auta ta zama gwaggonsa. Na aiki Bahauddeen, ya dawo ya ce ai yaya ya rantse masa lafiyarsa ƙalau. Ranar tafiya ya zo bakin labule ya yi mini sallama kamar kullum, na ce Allah Ya kiyaye hanya kamar kullum, ya fita. Na zauna da carbi a hannu ban san me nake ja ba. Da na idar da la'asar sai na ga na yafa mayafi. Na tari a-daidaita-sahu, muka maƙale a cunkoson shataletalen Bata, na sauka na ƙarasa da ƙafa har tashar manyan motocin Legas, inda za su je su haɗu da sauran 'yan wasan.

Na same su ana loda kaya, shi yana kan matakalar mota da jaka a kafaɗa, Nwabueze a bayansa. Hayaniya ta yi yawa, masu sayar da burodi da 'yan kamasho kowa na ihu. Na ce kai, bai ji ba. Na ce yayan Sharifa, bai ji ba. Ƙafarsa ɗaya ta riga ta shiga. Yaya, sai na buɗe baki na ce Abdulƙahhar. Ban san muryata na da ƙarfi haka ba. Ya waiwayo yana neman mai kiransa, idonsa ya wuce ta kaina ya dawo, don bai san yadda sunansa yake a bakina ba. Na ce masa ya sauko, ban yarda ba, ban kuma yafe ba in ya tafi. A gaban abokansa na faɗa, da 'yan kamasho, da matan da ke jiran mota. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauko, ya wuce gaba, na bi shi a baya har gida.

Washegari Bahauddeen ya kai shi asibiti, aka ɗauki hoton kan. Likita ta ce Allah Ya rufa asiri jini bai taru ba, amma ba wannan ne bugun farko ba, akwai na baya da ya ɓoye shekarun nan, kuma ba ta yi mana alkawarin mantuwar za ta tafi gaba ɗaya ba. 'Yan wasan sun je ba shi, aka cinye su, ba su hau rukunin sama ba. Wasu cikin abokansa sun daina zuwa zaure. Na ji an ce a Kwari akwai masu tsokanarsa, in ya wuce su ce ga wanda mamarsa ta sauko da shi daga mota. Nwabueze ya zo sau biyu, ɗanki bai fito ya gan shi ba. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa ya gaishe ni, bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa barin abincina ba. Amma da can in ya gaishe ni yakan ɗan tsaya a bakin labule yana ba Sharifa labari da ƙarfi don ni in ji. Yanzu gaisuwar kaɗai ce.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya tsaya. Ya ce tunda yanzu ana magana tsakaninmu kai tsaye, yana so ya ji daga bakina, in kan ya warke zan bar shi ya koma fili ko da na cikin gari ne. Na so in ce sai na yi shawara da ke, amma na san amsata, jinkiri kuma yaudara ce. Na ce masa a'a, ba yanzu ba, ba kuma nan gaba ba muddin ina raye. Ya ce to. Da yamma ya wanke koriyar rigar da ya buga wa ƙasa da ita, ya goge ta da kansa, ya ninke, ya ba Sharifa ya ce a aika miki, ke kika raine shi, a wurinki ya kamata ta zauna. Ita ce a ƙullin da mai kawo miki takardar nan zai ba ki. In kin kira shi, don Allah kada ki ce masa ya yi haƙuri, kowa ya faɗa masa. Ki tambaye shi yadda wasan farkon nan ya kasance, ki bar shi ya ba ki labari, don ba shi da wanda zai ba yanzu. Ki sa mu a addu'a, ni da shi.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, da Mairo da mijinta, da su Ƙasimu, da tsohuwar maƙwabciyarki mai turaren wuta. Bahauddeen da maijego suna gaisuwa, Sharifa ta ce kada ki manta da lallenta. Na sa ta tambayi ɗanki ko yana da saƙon baki da za a haɗa miki, ya ce rigar ta isa.

Wassalam. Ƙanwarki mai kewarki,
Jawahir