Mai Harbin Hadari

Litinin, 10 ga Yuni
An sake rubuta min zagi da jan fenti a ƙofar wurin harba roka: "Ɓarawon ruwa." Na goge, har yanzu hannuna warin fetur yake. Aikina ɗaya ne. Idan cibiyar lura da yanayi ta kira ta oba-oba ta ce hadari na ɗauke da ƙanƙara, in harba roka cikinsa don kada ƙanƙarar ta farfasa gonakin inabi. Shi ke nan. Ban taɓa korar ruwan kowa ba.

Lahadi, 16 ga Yuni
Bayan coci, Costel, yayan matata Safta, ya tare ni a gaban jama'a. "Suruki, yau girgije nawa ka kashe? Ka rage mana ɗan ƙarami mana, ko na wanke fuska!" Aka kwashe da dariya. Na ce masa hunturun bana dusar ƙanƙara ko bakin rijiya ba ta rufe ba, ita ma ni na harbe ta? Ya ce, "Masu inabi ke ciyar da kai, dole bakinka ya iya magana."
Masararsa ta nannaɗe kamar ganyen taba. Na gani. Ba makaho ba ne ni.

Alhamis, 27 ga Yuni
Zafi. Rijiyarmu ta koma laka.

Talata, 2 ga Yuli
Duniya ce ke ɗumama saboda hayaƙin motoci da masana'antu, kowa ya ji a talabijin. Amma hayaƙi ba shi da ƙofar da za a shafa wa fenti. Ni ina da ita.
Yau na harba. Hadarin ya watse, ko ɗigo. Injiniyan cibiya ya ce dama babu ruwa a cikinsa. Na yarda. Na yarda mana. Sai dai me ya sa ya watse daidai bayan harbin? Ni iyakata sakandare.

Asabar, 13 ga Yuli
Safta ta dangwarar min da tuwon masara da cuku. Ta ce a kanti ba mai amsa gaisuwarta. "Mitica, sau ɗaya tak. Ka bar hadari ɗaya ya wuce mu gani." Na buga tebur har cokali ya faɗi. Mu gani! Da gonar wa za a yi gwajin?

Juma'a, 19 ga Yuli
Hadari baƙi ƙirin daga yamma. Cibiya ta ce harba. Na ce wayar wuta ta cire daga na'urar harbin, ban harba ba. Ruwa ya sauka, sannan ƙanƙara kamar ƙwan tattabara.

Asabar, 20 ga Yuli
Inabin Nea Gherasim, tsohon maƙwabcinmu, ya zube kaf. Na same shi durƙushe yana tsince 'ya'yan daga laka. "Na'ura ce, ɗana, kada ka sa a ranka." Gara da ya zage ni.
Costel ya zo da kaza da kwalbar giya, ya rungume ni. "Ka gani? Ka gani, suruki?" Masararsa ta mutu tun makon jiya, ruwan bai tashe ta ba. Murnar cin gardama kawai yake. Na kore shi da kazarsa.
Amma ruwan ya sauka. Ya sauka ɗin.
Cibiya ta ce jibi akwai wani hadarin. Wayar da na cire daga na'urar tana aljihuna. Ban mayar ba tukuna.