Mutum Nawa Aka Rubuta a Jirgin

Zuwa ga mahaifiyata, a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan wasiƙa ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gidan Kawu. Mu a nan Doha muna lafiya, sai dai abin da ba a rasa ba.

Mama, na san bai dace 'ya ta rubuta wa uwarta a inda jama'a za su gani ba. Amma yau mako bakwai ke nan ba ki ɗauki wayata ba, saƙonnina kuma ko buɗe su ba a yi. Na san ƙanwarki Anti Rabi tana duba wannan shafi nawa. Idan ta karanta miki, don Allah kada ki bari ta tsallake wuraren da ba su da daɗin ji.

Kin tuna ranar da muka raka ki filin jirgi? Hajiya mahaifiyarki, wadda na ci sunanta, tana kwance ba lafiya, kika ce mako uku za ki yi. Kika bar mana miyar kuka a firiza ta kwana goma, kika ce sauran kwanakin in koya. Ba a yi wata ba aka hana jirage tashi saboda korona. Hajiya ta rasu kina can, mu kuma muna kulle a tsohon gidanmu na unguwar Al Asmakh. Shekarata sha huɗu.

Abba ne ya kawo maganar jirgin ruwa, da ya ga na daina cin abinci. Ya ce idan annoba ta wuce, mu uku za mu hau babban jirgin shaƙatawa zuwa wani tsibiri a yankin Karebiyan, kwana biyar kacal, kuma ni ce zan tsara komai tunda ni ce sakatariyar gida. Kin san halina, ba a ba ni aiki in yi wasa da shi. Na ware sabon littafin rubutu, na ja layi da rula, na rubuta sunayenmu uku a shafin farko. Na zaɓi Jamaika domin na ji daɗin hoton wani ruwa da ke gangarowa kan duwatsu har cikin teku.

Kowace Juma'a da yamma nakan kira ki ta bidiyo in nuna miki inda na kai. Ranar farko dariya kika yi har kika share hawaye da gefen ɗankwali. Kika tuna mini lokacin da muka hau kwalekwalen katako a bakin tekun Doha, kika ƙanƙame hannuna tun daga tashi har sauka. Kika ce, “Ruwa ba sa'an kwando ba ne, Ummi, ni kuwa kwando ce.” Duk da haka ke kika fi kowa tambaya. Za su bari a shiga da yaji? Idan ba a yarda da namansu ba, akwai kifi kullum? Idan jirgin ya juya kina tsakiyar salla, alƙibla fa? A kan wannan kaɗai na cika shafi biyu, har malamar addininmu na tambaya, ni da ba na ɗaga hannu a aji.

Da aka fara barin mazauna ƙasar su dawo, aka ce sai kafil ya nema wa mutum izini, wato wanda katin zamansa yake ƙarƙashin sunansa. Abba ne kafil ɗinki, shi ne nawa. Ya ce ya nema ba su amsa ba. Bayan wata biyu ya ce ya sake nema. Daga baya ya ce katinki ya mutu, sai an faro daga farko, a yi haƙuri.

Kika yi haƙurin. Makarantar da kika taɓa koyarwa kafin mu taho ta nemi ki koma aji, kika ce a'a, ke matar aure ce, gidanki yana Doha, kowane lokaci za a iya kiranki. Ko unguwa za ki je sai kin tura wa Abba saƙon neman izini. Yakan amsa da “Allah ya kiyaye.” Ranar da bai amsa ba sai ki biyo ta kaina, ki ce, “Tambayar mini Abbanki ko in leƙa gidan suna.”

A watan azumin bana muka zauna cike fom ɗin bizar Amurka, domin daga can jirgin yake tashi. Da rana ne, bayan azahar, ina kan kwamfuta, Abba yana kishingiɗe yana ba ni amsa. A fom ɗin Abba na zo gurbin da ake tambayar aure, har na ɗora hannu a kan “mai aure.” Ya ce ba nan ba, in sauka ƙasa. Na sauka. Fom ɗin ya nemi ranar da auren ya ƙare. Ya tashi ya ɗauko jakar da ake ajiye fasfo, ya zaro wata takarda daga bayan fasfona, ya karanto mini kwanan watan.

Rubutun hannunsa ne, layi uku. Shekara ɗaya da rabi takardar tana kwance a jakar nan, Mama. Iddarki ta fara ta ƙare ba ki sani ba. Duk izinin da kike nema, wurin wanda ba mijinki ba kike nema, yana kuma ba ki.

Ya ce, “Khalas, magana ta ƙare, wannan tsakanin manya ne. Ki riƙe bakinki sai mun dawo daga tafiya, kada ki ɓata wa kanki karatu.” Na gane abin da yake nufi da karatu, domin katina ma a hannunsa yake. Na cike kwanan watan daidai, na sake dubawa kada in yi kuskure.

Da zan ce miki tsoro ne kaɗai ya rufe mini baki, da na ji sauƙi. Amma ba haka kika koya mini ba. Ina son jirgin nan. Shekara biyu ina zana shi, na san benen da ɗakinmu yake, na san ƙarfe nawa za mu isa tsibirin. Na san idan na faɗa miki, dangi za su taso, tafiya ta rushe. Sai na ce da kaina, ai ta yi shekara biyu tana jira, wata nawa ne ya rage.

Juma'ar da ta biyo baya na kira ki kamar kullum. Na nuna miki hoton ɗakin cin abinci. Kika ce in tambayar miki Abba ko ki raka Anti Rabi Kaduna. Na ajiye wayar a kan gado, na fita falo, na tsaya ina kallon bango kamar minti ɗaya, na dawo na ce, “Ya ce ki je.” Kika ce in yi masa godiya.

Bayan babbar salla Malam Isa, mutumin unguwarku da ke aikin gadi a Sanaiya, nan Doha, ya dawo daga hutu da saƙonki. Kilishi, yaji a gwangwanin madara, hula ta Abba, da doguwar riga ta shuɗiyar atamfa. Kika ce turmi ɗaya kika raba, rabi ni rabi ke, ranar hawa jirgi za mu saka, don kada ki ɓace mini cikin Turawa. Ni ce 'yarki ta fari, ba ki taɓa kama sunana na yanka ba, ba ki taɓa yabona a gaban mutane ba. Na san abin da rigar nan take faɗa. Na saka ta na juya miki a bidiyo.

A ranar ne kika dube ni, sannan kika tambaya a hankali, “Ummi, a takardar jirgin nan, mutum nawa aka rubuta?” Biyu aka rubuta, da hannuna. Na ce miki uku.

Akwai wadda ta fi wannan muni. A watan da ya biyo baya kika matsa mini in roƙi Abba ya sake bin maganar katinki. Na gaji da jin muryarki tana roƙo a kan abin da na san babu shi, sai na huce a kanki. Na ce, “Da kin damu da mu da ba ki tafi ba tun farko.” Ke da kika je jinyar uwarki. Kika ce, “Haka ne, ki yi haƙuri.” Ke kika ba ni haƙuri, Mama.

Da tafiya ta matso, Abba ya tura wa yayansa Baffa hoton takardar sakin, aka kai gidan Kawu. Anti Rabi ta ce sau biyu kika karanta kwanan watan, sannan kika nemi ruwa. Da yamma kika kira ni. Ba ki yi kuka ba, ba ki ɗaga murya ba. “Kin sani?” Na ce e. “Tun yaushe?” Na ce tun azumi. Na ji kina lissafa watannin a ranki. Rabona da muryarki ke nan.

Yanzu gari ya cika da baƙin gasar cin kofin duniya, an ba mu hutun makaranta. An kawo manyan jiragen ruwa an jera a tasha, 'yan kallo suna kwana a ciki kamar otal. Ranar Asabar Abba ya kai ni bakin teku ya nuna mini ɗaya, fari, ya fi gidajen unguwarmu tsawo, ya ce namu kamarsa yake, saura kwana tara. Na yi ta kallon jirgin ina jira in ji daɗi. Abin da kawai nake gani shi ne hannunki a kan nawa cikin kwalekwalen nan.

A mota na ce masa ba zan je ba. Kin san abin da faɗin haka ya ci mini, ni da ko gishiri ba na iya cewa a miƙo mini. Bai yi fushi ba, dariya ya yi. Ya ce, “Wata shida kina riƙe da baki saboda jirgin nan, yanzu ne za ki ƙi hawa? Ai aikin gama ya gama.” Gaskiya ya faɗa.

Sai dai ya manta wadda ya naɗa sakatariya. Ni na yi rajistar jirgin, lambar sirrin tana cikin littafina. Yau da safe, bayan ya fita aiki, na shiga shafin kamfanin jirgin na cire sunana. An tambaye ni sau biyu ko na tabbata, domin ba a maidowa. Na tabbatar.

Bai gani ba tukuna. Idan ya gani, mai yiwuwa ya soke katina ya turo ni gida, jarrabawar fita sakandare kuwa saura wata biyar. Na auna wannan kafin in danna. Abin da ban iya aunawa ba shi ne ko za ki buɗe mini ƙofa idan na iso. Ba na cewa wannan ya biya komai. Bai dawo miki da aikin koyarwa ba, bai goge “ya ce ki je” ba. Idan kika ce in wuce gidan Baffa, zan wuce, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Rigar tana nan a ninke, ban sake saka ta ba. Yajin ya ƙare, gwangwanin na wanke na ajiye.

Allah ya jiƙan Hajiya ya haskaka kabarinta. Allah ya saka miki a kan kowane izini da kika nema da zuciya ɗaya, ya musanya miki shekarun nan da mafi alheri. Allah ya kiyaye ni daga fushinki, ko da na cancance shi. Amin.

Ranar Juma'a da yamma zan kira kamar kullum. Ko ba za ki ɗauka ba, ki bar wayar ta yi ƙara har ta tsinke, in san tana kusa da ke.

Kin yi mini tambaya ban ba ki amsar gaskiya ba. Yanzu mutum ɗaya aka rubuta, Mama.

Taki, wadda kike kira Ummi.