Ni ce ke neman a yanke masa hukuncin kisa, amma ban tabbata shi ya yi ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya fi ƙarfina. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni lauya ce, sabuwar ɗauka a ofishin masu gabatar da ƙara, ko shekara ban yi ba. Da farko ɗaukar fayil nake yi ina bin ogana kotu, sai kwanan baya ya miƙo min wani kes na kisan kai ya ce in riƙe, lokaci ya yi da zan tsaya da ƙafata. Wani manomi ne mai suna Sale a wani ƙauye wajen Gammo, shanun wani Buba suka shiga gonarsa ta wake, suka yi cacar baki a gaban jama'a, washegari aka tsinci gawar Sale a gonar. Shaida ɗaya ne tak, Malam Ado, wanda ya ce ya ga Buba yana fitowa daga gonar da sanda.

Mahaifiyar mamacin, Inna Hansai, duk ranar zama sai ta zo, wani lokaci a bayan motar hatsi, ta zauna a bakin kotu tana jirana. Ba ta taɓa yin kuka a gabana ba, hannuna kawai take riƙewa ta ce, "'Yar nan, bayan Allah ke na dogara da ke." Shi kuwa Buba, ranar farko da aka fito da shi daga motar gidan yari, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ni, ashe ya ɗauka ni ce lauyarsa. An yi masa bayani cewa ni ce ke tuhumarsa, amma bai fasa gaishe ni ba. Rannan har tambayata ya yi ko an samu ruwa bana wajen Kara, can iyalinsa suka koma da shanun.

To makon jiya na kira Malam Ado ofis in shirya shi, na gaya masa za a ba shi Alƙur'ani ya rantse. Sai ya ce, "Barista, tsakani da Allah bayan mutum na gani, da malfa da sanda. Gari duk aka ce Buba ne, ni ma na ce shi ne." Na kai maganar wajen oga, ya ce shaidu haka suke in rantsuwa ta matso, wataƙila ma tsoron dangin Buba yake ji, in kai shi gaban alƙali kawai, yanke hukunci ba aikina ba ne. Na ce ai ya kamata lauyan Buba ya sani, muka ɗan yi sa-in-sa, ya ce in ba zan iya ba in ajiye fayil ɗin, akwai mai iyawa. Kuma na san wanda za a ba, Malam Ado ba zai sake faɗin shakkarsa a gabansa ba.

Tun ranar ban da sukuni. In na shiga mota daga Gwarzo zuwa Kabo, duk gonar da muka wuce sai in ga kamar mutum ne kwance a cikin kunya, yadda Sale yake a hoton gawarsa da ke cikin fayil ɗin. In na tayar da sallah sai in ji muryar Buba yana gaishe ni, in rasa raka'a ta nawa nake. Zai iya yiwuwa shi ne, zai iya yiwuwa wanda ya yi yana can yana yawo a kasuwa.

Jiya Inna Hansai ta sa aka kira ni a waya, ta ce jikinta ya ƙi, so take kafin ta koma ga Allah ta ji alƙali ya faɗi sunan wanda ya kashe mata ɗa. Na ce Allah ya ƙara sauƙi.

Ranar Talata za a shiga kotu. In sanar da lauyan Buba, in saɓa wa ogana tun aikin bai yi nisa ba? Ko in yi shiru in bar alƙali da abin da ya ji? Kuma in kes ɗin ya rushe, ku gaya min, da wane baki zan gaya wa tsohuwar nan cewa ni ma ban san wanda ya kashe mata ɗa ba?