Inna, Na Karya Kunyar 'Yar Fari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin ta 'ya ga uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba, amma na yi laifi, kuma ba ni da inda zan kai ƙarar kaina sai wurinki.

Jikarki, takwararki, ta shekara goma sha biyar. Kin bar ta tana rarrafe, yau ta kere ni tsawo. Babanta da ƙannenta Ummi suke ce mata, tunda sunanki gare ta. Ni kuwa ko Ummin ba ta fitowa daga bakina, don 'yar fari ce. "Ke" nake ce mata, kamar yadda kika yi mini har Allah ya karɓi abinsa.

Bana ta sha wuya, Inna. Ƙuraje sun feso mata a goshi, ta tsani madubi amma ba ta rabuwa da shi. Ta saba zuwa ta uku a aji, sai ga ta ta goma sha bakwai. Aminiyarta tun firamare ta yi sabbin ƙawaye, ta daina biyo mata makaranta. Yau dariya har da riƙe ciki, gobe ko sannu ka yi mata sai hawaye. Makon jiya ƙanwarta ta raɗa mini cewa Ummi ta ce ta san ba a son ta a gidan nan, shaidarta kuwa, ko sunanta uwarta ba ta iya furtawa.

Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Maganata ce sak, a bakin 'yata.

Kin tuna hutun da na dawo daga makarantar kwana da sakamako duk jan biro? Na miƙa miki ina jiran ko faɗa ne ki yi mini. Kika ajiye takardar a kan langa, kika dubi ƙanena kika ce, "Ce wa wannan ta zo ta ci abinci." Wannan! Washegari na ƙulle kayana a ɗankwali na hau motar Baure, wai na bar miki gidanki.

Goggo Hajara, ƙanwar Baba, tana tankaɗe na same ta. Na zauna ina kuka ina jero mata laifuffukanki. Da na gama ta yi dariya har ta ajiye rariya. Ta tambaye ni, dambun naman da take kai mini ranar ziyara, yaushe na taɓa ganin ta iya dambu? Ashe ke kike yi, ki ba ta a ɓoye, ki ja mata kunne kada ta faɗa. Ranar ta gaya mini maganar da har yau take raina: "Ɗan fari ba a kiran sa a tsakar gida, a sujada ake kiran sa."

Bayan kwana uku aka mayar da ni Daura a bayan babur. Ko kallona ba ki yi ba. Amma miyar ranar ta ɗanyar kuɓewa ce, wadda ni kaɗai ke so a gidan.

To ni na yi sa'a, ina da Goggo. Ummi ba ta da ita, don Goggo ta bi bayanki. Yaran yanzu wayar hannu ce goggonsu, ita kuwa abin da take koya musu shi ne wanda bai ɗora hotonka ya yabe ka duniya ta gani ba, ba ya son ka. Na ji tsoro, Inna. Na ji tsoron ta girma da wannan zaton, ta je neman so inda ba shi.

Shekaranjiya bayan la'asar na ce ta zo in tsefe mata kai. Ta zo baki a tunzure. Ina tsifa ina ba ta labarin Baure. Na ce mata ƙuraje baƙi ne, nawa sun fi nata yawa, yanzu ko gurbinsu babu. Na ce wanda ya sauko ta goma sha bakwai zai iya hawa, ga ni nan, mai sakamakon jan biro, yau ni ke riƙe da jan biron a aji. Na ce ƙawar da ta juya mata baya, ta ci gaba da gaishe ta, amma kada ta bi ta da roƙo. Ranar da ranta ya ɓaci kada ta yanke hukunci, ta bari abin ya kwana. In kuma zuciya ta raya mata cewa ba a son ta, ta tambaya kafin ta yarda, matambayi ba ya ɓata.

Ta yi ta gyaɗa kai irin na mai jiran a shafa fatiha a tashi. Na gane nasihar a kunne ta tsaya. Nan ne na yi laifin da na zo gaya miki.

Na ajiye matsefi, na kira ta. Ba Ummi na ce ba, sunan yanka na kira, naki, wanda ban taɓa furtawa ba tunda aka haife ni. Rabi'atu. Sai da ta waiga ƙofa ta ga ko baƙuwa ce ta shigo. Da ta gane ni ce, ta kifa kanta a cinyata ta yi kuka mai isarta, ni ma na taya ta, rabin kai a tsefe.

Ba wai komai ya daidaita ba. Yau da safe ma mun yi 'yar tsama a kan waya. Amma da za ta fita makaranta ta dawo daga zaure, ta tsaya tana wasa da bakin hijabi, wai in sake faɗa.

Na sake faɗa, Inna. Ki yafe mini. Ke kin yi naki da dambu da kuɓewa, kuma ya isa. Ni zamanin da na tarar sai an haɗa da baki.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Goggo, ya haskaka kaburburanku. Allah ya raya mana takwararki da sa'o'inta duka, ya ba su masu sauraron su ranar da duniya ta yi musu ƙunci. Amin.

Taki har abada,
'Yarki ta fari.