Wutar da Aka Liƙe da Salatif

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya aikin gareji? Damuwa ce ta sa na rubuto. Na'urar hana santsi da ka saita wa Baban yara a bas ɗinsa, cewa yake ta cika shisshigi. Da ya sha kwana sai ta taka birki da kanta, wai kamar ya ɗauko surukarsa a gaba. Wutarta ta dame shi da ƙiftawa, ya liƙe ta da salatif. Ya kuma sa an yi masa waldar ƙarfe a saman motar, yana lafta buhuna. A cikinta yake kai yaranmu makaranta. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya.

Ka gaida mutanen gida.
Ƙanwarka, Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ki buɗe kunne da kyau. Kowace mota da nata saitin, ni kuwa na saita wannan ne lokacin da ba kaya a kanta. Yanzu nauyi ya koma sama, dole ta riƙa tangaɗi a kwana, na'urar kuma ƙoƙarin riƙe ta take yi kada ta kife. Ki ce wa mijinki ya sauke ƙarfen nan, ya kawo ta in jona da kwamfuta in sake dubawa. Kafin nan kada yaran su shiga, ko da zai yi fushi.

Allah ya tsare.
Yayanki

Yaya,

Bayan gaisuwa, na faɗa masa, sai cibi ya zama ƙari. Ya ce tun ba a haifi kwamfutarka ba yake riƙe da sitiyari, kuma ba daga gareji za a riƙa juya masa gida ba. Ya je wajen wani mai gyaran wayar mota a bakin titi, an cire wa na'urar waya gaba ɗaya. Na hana yaran shiga, da ƙafa nake raka su. Tun ranar ko abincina ba ya ci. Ina tsoro, Yaya, kuma ban san inda zan sa kaina ba.

Auta

Auta,

Ki daure, kin yi daidai. Laifina ne da na aika da saƙo maimakon in zo. Ranar Asabar ina tafe, zan lallashe shi da kaina.

Yayanki

Yaya,

Kada ka jira Asabar. Motar ta kife jiya a kwanar gada. Yara lafiya lau, suna gida. Shi yana asibiti, likita bai ce komai a kan ƙafarsa ba tukuna. Da ya farfaɗo, kai ya fara tambaya.

Ka zo. Amma don Allah kada ka ce ai ka faɗa.

Auta