Rijiya a Jirgin Baba

Limancin Kona, Zariya

Yaya Zaharaddini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Radiya da yara. Yaya ciwon bayan naka? Mu nan sai godiya.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Tunda ya yi ritaya daga kotu ba shi da zance sai kamun kifi. To, ya sayi tsohon jirgin ruwa mai inji, yana nan a wani kango a Ƙofar Kuyambana, mutumin da ko a kududdufi bai taɓa iyo ba.

Wani masunci wai shi Yari ne ya sayar masa, shi yake gyarawa, kuma shi zai riƙa raka shi ruwa. Ya wanke inji, ya canja farfela, ya kafa benci da maƙalar fatsa. Ni dai hankalina bai kwanta da shi ba. Ba ya haɗa ido da mutum, kuma Gwaggo ta ce ya taɓa rasa gona a kotun da Baba ya yi magatakarda.

Jiya na kai musu abinci, na tarar ya kafa akwati a tsakiyar jirgin, yana huda gindinsa har ta ƙasan jirgin. Huji shida na ƙirga kafin ya mayar da murfi. Na gaya wa Baba, ya yi dariya, wai rijiya ce, in koma madafa. Yaya, a ina ka taɓa jin rijiya cikin jirgi? Wallahi tsoro nake ji.

Ƙanwarka,
Asama'u

Yaya Zaharaddini,

Sallama da gaisuwa. Allah Ya sa bayan ya yi sauƙi.

Na ji shiru, na yi abin da ya zo mini. Ranar Juma'a suna masallaci na narka kwalta a gwangwani, na toshe hujin nan duka shida, na rufe akwatin yadda na same shi. Gobe za su kai jirgin dam. In Yari ya shirya wani abu, sai dai ya sake shiri. Kada ka faɗa wa kowa.

Ƙanwarka,
Asama'u

Yaya Zaharaddini,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan kowa lafiya. Ni kam ba lafiyar ba.

Ashe rijiyar gaskiya ce. Ta hujin nan ruwa ke shiga akwatin yana fita, kifi ya zauna da ransa har a dawo gaɓa, jirgin kuma ko gezau. Da suka ga ruwa bai shigo ba, suka ɗauka laka ce, suka cika shi da bokiti. Rana ta dafa ruwan, ƙarfasar da suka yini suna kamawa ta mutu duka, ta yi wari.

Baba ya dawo yana huci. Ya ce da gangan Yari ya liƙe hujin don ya kunyata shi, har ya tuno zancen gonar da ni ce na sa masa a kunne. Ya kore shi a gaban masunta, ya rantse daga yau shi kaɗai zai shiga ruwa. Kwana biyu ina jin haka na kasa faɗa masa ni ce, ga shi ya sayo mai, gobe zai koma.

Ɗazu ina zuba masa ruwan wanke hannu, idonsa ya sauka a kan farcena. Kwaltar ta ƙi fita, na goga har da kananzir. Ya daɗe yana kallo. Bai ci abincin ba, ya ɗauki hularsa, Gwaggo ta ga ya yi hanyar gidan Yari.

Ya dawo tun la'asar. Na gaishe shi sau biyu bai amsa ba. Amma na leƙa zaure, na ga rigar ruwa ta hana nutsewa a rataye, ba ɗaya ba, biyu.

Ka kira shi, Yaya, ko kai zai saurara.

Ƙanwarka,
Asama'u